Sawun Haƙora a Bakin Leda

A cibiyarmu ba mai kirana da sunana. Sai-Ya-Fashe suke ce min, tun daga mai gadi har shugaba, kuma ban taɓa jin haushi ba, don aikina ke nan. Cibiyar ta binciken kayan soja ce, gwamnati ke ɗaukar nauyinta. Masu digiri suna hawa na sama suna ƙirƙira, ni ina ƙasa a ɗakin ƙarshe kusa da injin wuta, ina lalata abin da suka ƙirƙira. Ina da tanda da nake gasa kaya a ciki, da firiza, da bahon ruwan gishiri, da wata ganga mai juyawa cike da tsakuwa da kusoshi. Abokan aiki suna kiran gangar Suruka, wai ba abin da ke shiga hannunta ya fito da mutuncinsa.

Kafin sabon abu ya bar teburin bincike ya shiga aljihun soja, sai ya hau matakala tara. Ta farko tunani ne kawai a takarda, ta tara kuwa abin yana jikin soja a fagen daga. Tawa ita ce ta shida. In na sa hannu, kaya su wuce wurin sojoji su gwada, daga nan a ba kamfani ya yi da yawa. In na ƙi, akwai wani sito a bayan gini da muke kira maƙabarta, can suke ƙarewa. A shekara ashirin da shida na binne rediyo, na binne takalma, na binne wata hular kwano da mai ita ya yi shekara biyu ba ya amsa gaisuwata. Ban damu ba. Kullum ina cewa gara injiniya ya yi kuka a ɗakina da uwar soja ta yi kuka a nata.

A cikin duk abin da ya bi ta hannuna, babu wanda na so kamar audugar Dakta. Dakta wata 'yar siririyar mace ce masaniyar haɗa sinadarai, ba ta da yawan magana, kullum da tabon shayi a farar rigarta. Shekara bakwai ta yi tana aikin wata auduga da aka shafa wa wani gari, in aka cusa ta a rauni, jinin da ke tsartuwa ya tsaya cikin minti biyu. Na gani da idona a ɗakin gwajinsu, har na cire hula na sosa kai. Matsalarta ɗaya, ba ta shiri da danshi. Da ta shaƙi laima kaɗan sai ta zama auduga kamar kowace auduga. Don haka ranta yana cikin ledar da aka naɗe ta, ledar kuwa tawa ce in gwada.

Ledar farko tana da ɗan tsagi a gefe, irin wanda ake yi wa ledar omo don ta yagu da sauƙi. Na zuba ɗari a cikin Suruka, na bar ta tana juyi yini guda, sannan na juye su a ruwan gishiri. Bakwai suka sha ruwa, kuma duk bakwai ɗin ta wurin tsagin ne. Na kwashe su a faranti na hau sama.

"Dakta, ga 'ya'yanki sun sha ruwa," na ce.

Ta juya su ɗaya bayan ɗaya. "Bakwai cikin ɗari, Malam. Kuma Surukarka ta fi kowane aljihu mugunta."

"Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A cire tsagin nan, a ƙara wa ledar kauri."

"In aka cire, ba za ta yi wuyar buɗewa ba?"

Wallahi ta tambaya. Ina tuna inda take tsaye, ina tuna fankar da ke kaɗa takardunta. Ni kuma na ce mata, cikin izzar mutumin da bai saba a ja da shi ba, "Leda ce fa, Dakta, ba ƙofar banki ba."

Aka cire tsagin, aka yi ledar ninki uku da ƙarfe-ƙarfe a tsakiya. Ɗari na zuba a Suruka, ɗari suka fito garau. Na gasa, na daskarar, na bi ta kansu da motar ofis. Gwaji ɗari biyu da goma sha biyu na rubuta a babban littafina, kowanne da lambarsa, da sunan wanda ya gwada, da sakamako. Bayan kowane gwaji sai in ɗauki almakashina in yanke bakin ledar in duba audugar. Almakashin nan yana ɗaure da igiya a ƙafar teburina, don mutanen sama sun iya aro ba su iya mayarwa ba. Na sa hannu. A matakala ta bakwai sojoji suka gwada a barikin horo, likitocinsu ne suka gwada, kowane likita kuwa da nasa almakashin a ƙugu. Su ma suka sa hannu. Bayan shekara ɗaya da rabi, kowane soja da ke fagen daga yana da leda ɗaya a aljihun hannun rigarsa.

Ɗaya daga cikinsu ɗana ne, Auta. 'Ya'yanmu huɗu, uku mata duk suna gidajensu, shi kaɗai ne namiji, kuma shi ya zaɓi kaki duk da kukan mamansa. Dogo ne kamar ni, amma wushiryar ta uwarsa ce, mai faɗi, har yayyensa kan ce in ya yi dariya ana hango abin da ya ci jiya. Ranar da zai koma bayan hutunsa na ƙarshe, ni da kaina na zaro ledar daga aljihunsa a gaban maƙwabta, na ɗaga ta sama.

"Kun ga wannan? Ta hannuna ta bi. Ko rafi ka faɗa da ita, ko tankar yaƙi ta taka ta, ba abin da zai same ta."

Auta ya yi murmushi ya sunkuyar da kai, ya karɓa ya mayar aljihu. Na ɗauka kunyar mutane ce. Duk lokacin da ya kira waya bayan nan, kafin mu yi sallama sai na ce, "Ya 'yar ledata?" Shi kuma ya ce, "Tana nan lafiya, Baba."

Wata takwas bayan haka, wata ranar Talata da hantsi, mai gadi ya leƙo ya ce ga wani soja yana neman wanda ya gwada auduga. Wani saje ne mai jinya, gajere, mai furfura a gefen kai, takalmansa ba su ga burushi ba kwana biyu. Bai zauna ba ko da na tura masa kujera. Ya ce daga asibitin bayan fage yake, an ba shi hutun kwana biyar, ya kashe ɗaya wurin neman ɗakin nan, don ofis uku suka yi ta tura shi. Sannan ya ciro wani abu a naɗe cikin hankici ya ajiye a teburina.

Ledarmu ce, a rufe, ba abin da ya same ta. Jinin da ke jikinta ya bushe ya yi baƙi. Kusurwarta ɗaya duk ta tauye, an ciza, an ja, an sake cizawa a wani wurin.

"Sojan da ke da ita, a cinya aka harbe shi, da hannun dama," in ji Saje. "Shi kaɗai ne a ramin, kusan minti goma kafin a kai gare shi. Hannu ɗaya ya rage masa, shi ma duk jini, yana santsi. Da aka kawo mana shi, tana bakinsa."

Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Audugar tana aiki."

"Tana aiki, Baba. Na ceci mutum ya fi talatin da ita. Ni ina da almakashi."

Ya ce ya rubuta rahoto sau biyu, bai san inda suka maƙale ba. Ni na sani. Matakalarmu hawa kawai aka gina ta, ba a yi mata hanyar saukowa ba. Takardar da ta taso daga fage sai ta bi ofis-ofis, kowa ya buga mata hatimi ya ajiye, don abin da ya kai mataki na tara an gama da shi, fayil ɗinsa ma an ɗaure.

Na jawo fitilar tebur na kara ledar a ƙarƙashinta, saboda hannuna ya saba, ba don ina son gani ba. Sawun haƙoran ya fito raɗau a jikin ƙarfe-ƙarfen. Na sama guda biyu manya, a tsakaninsu kuma akwai fili, wurin da ledar ba ta lotsa ba, mai faɗin da ƙwayar shinkafa za ta kwanta. Duk inda ya ciza, filin nan yana nan.

"Wane ne?" na ce. "Ya sunansa?"

"Ban sani ba, Baba. Ranar mutum goma sha ɗaya aka kawo, ni ina kan masu rai. Wani ne ya cire ta ya ba ni. Ko na sani ma, ba a faɗa sai an sanar da iyaye."

"Wace runduna?"

Ya faɗa. Ta su Auta ce. Kwana tara ke nan rabon da Auta ya kira.

Ban gaya wa Saje komai ba. Na raka shi har ƙofa, na yi masa godiya, na dawo na rufe ɗakin. Na ɗauko sabuwar leda daga kwali, na sa hannun dama a aljihu, na tsoma na hagu a man inji. Ledar ta suɓuce ta faɗi. Na ɗauka na kai baki. Na ciza na ja har wuyana ya yi ƙara, har dasashina ya fashe na ji gishirin jini, agogon bango yana tafiya. Minti huɗu na yi, ni da nake da ƙoshin lafiya, a zaune kan kujera, ba mai harbina. Ba ta buɗu ba. Almakashin yana lilo a igiyarsa kusa da gwiwata. Shekara ashirin da shida ina taƙama ba abin da ke wuce ni, ashe ban taɓa buɗe leda ɗaya da hannuna ba.

Na hau sama na ajiye wa Dakta ledar Saje. Ta daɗe tana kallonta. Na jira ta ce ai ta faɗa, na ma so ta faɗa, ko na samu wanda zan yi wa ihu. Ba ta ce ba. Ta cire tabarau ta goge da gefen rigarta, ta ce, "Mu je wurin Manjo."

Manjo shi ne jami'in da soja suka ajiye a cibiyar, shi ke karɓar kaya daga hannunmu ya miƙa wa nasu. Mutumin kirki ne, sai dai ya daɗe da zama takarda. Ya saurare mu, ya ce canza leda canza kaya ne, dole a koma mataki na shida, a sake gwaji, a sake ba kamfani, wata goma sha huɗu in an yi sauri. Na buga teburinsa har kofin shayinsa ya yi tsalle. Na ce a cikin wata goma sha huɗu mutum nawa za su ci leda? Ya bar ni na gama, sannan ya ce akwai gajeriyar hanya ɗaya. Ana iya aika sanarwar gaggawa ga kowace runduna a cikin mako, a ce kowa ya yi wa ledarsa tsagi da wuƙa. Amma ba a fitar da irin wannan sanarwa sai wanda ya gwada kayan ya rubuta da hannunsa cewa gwajinsa bai cika ba.

"Ka san abin da hakan ke nufi, Malam," ya ce. "Za a kafa kwamiti. Saura maka shekara ɗaya ka yi ritaya da sunanka fes."

Na ce ya ba ni takardar. A tsaye na rubuta, ban ma nemi kujera ba. Kada wani ya ce jarumta ce. Mutumin da yake ganin haƙoran ɗansa a gaban idonsa, suna ba ya gabansa.

Kwana uku da suka biyo baya ban san yadda na yi su ba. Na kira duk lambar da na sani, kowa ya ce layin can a rufe yake, a yi haƙuri. A gida na ce wa mamansu ciwon haƙori nake, shi ya sa ba na cin abinci, kuma ga dasashi a kumbure, ƙaryar ta samu wurin zama. Amma shekara talatin da huɗu muna tare. Ta kawo min ruwan ɗumi da gishiri, ta tsaya a kaina.

"Malam, labarin zuciya a tambayi fuska. Wani abu ya samu yaron nan?"

"Wa ya ce miki? Aiki ne kawai."

Ta yi ɗan murmushin da ba na murna ba, wushiryarta ta bayyana, na kawar da kai da sauri kamar an watsa min barkono. Duk motar da ta rage gudu a layinmu sai na miƙe. An ce masu kawo labarin rasuwar soja su biyu suke zuwa, cikin kaki, da hula a hannu.

Ranar Asabar da la'asar mamansu tana shanya a tsakar gida, wayarta ta yi ƙara a kan taga. Na ji ta ce "Auta!" da wata irin murya, bokitin ya kife. Ina daga ɗaki na zame daga kujera na sa goshi a ƙasa. Na yi kuka kamar ba dattijo ba, ina godiya, ina godiya. Sai can cikin godiyar wani abu ya soke ni: to ɗan wa ke nan? Wata uwar tana can tana shanya, ita motar za ta tsaya a ƙofarta. Na ji kunyar murnata, amma ban iya daina ta ba.

Da ta gama yi masa faɗan rashin kira da tambayar ko yana cin abinci, ta miƙo min wayar ta tafi gaya wa maƙwabta. Muryarsa ta dushe. Muka gaisa. Wannan karon ban ce ya 'yar ledata ba.

"Auta, sanarwa za ta zo muku. Ledar nan, ka samu wuƙa yanzu-yanzu ka yi mata tsagi a gefe. Ka gaya wa kowa. Ba ta buɗuwa da hannu ɗaya."

Ina jin iska a layin.

"Auta, kana ji na?"

"Ina ji, Baba." Ya ja numfashi. "Ai mun sani. Tun satin farko kowa ya tsaga tasa. Marowaciya muke ce mata."

"Marowaciya?"

"Wai tana da shi, ba ta bayarwa."

Na zauna a bakin gado. "Tun satin farko. Fiye da wata takwas ke nan. Har ranar da ka zo hutu?"

"Ranar ma da tsaginta. Yatsanka yana kai lokacin da ka ɗaga ta."

"Sau nawa na tambaye ka? Sau nawa, Auta? Ɗakin da aka yi kuskuren nan, ubanka ne a ciki! Kalma ɗaya za ka faɗa min!"

"Baba, ka yi haƙuri." Yanzu kuka yake, ƙato da shi. "Na sha ɗaukar waya da niyyar faɗa. Sai in ji yadda kake tambaya, kana murna. Ban taɓa ganin ka yi murna da wani abu haka ba. Ta ina zan fara ce maka aikinka da gyara? Na ce ai mun riga mun yi maganin abin, kowa ya sani."

Kowa ya sani, ban da ni. Na yi shekaru ina gina kaina a gidan nan in zama mutumin da ba ya kuskure, wanda in ya yi magana an gama. Ginin ya yi kyau ƙwarai, har ɗan cikina ya rasa ƙofar shigowa.

"Wanda ya rasu fa?" na ce. "Mai wushirya. Shi bai sani ba?"

Bai tambaye ni yadda na sani ba.

"Kwanansa huɗu da zuwa. Da aka kawo shi aka yi ta tsokanarmu, wai ga ƙanina ya biyo ni, saboda haƙoran. Ni aka ce in nuna masa abubuwa. Na nuna masa inda ake ɗiban ruwa, na nuna masa komai. Ledar ce na ce gobe."

"Ba laifinka ba ne," na ce. "Ka ji ni? Ni na cire tsagin. Da hannuna na sa aka cire."

Ban san ko ya yarda ba. Na tambaye shi sunan yaron. Ya ce sunan yana jikin rigarsa, amma ba wanda ya riƙe, ba a ma kai ga raɗa masa na barkwanci ba. Sabon-zuwa kawai suke ce masa. Sai layin ya yanke.

Mamansu ta dawo da maƙwabta biyu, fuskarta kamar an kunna fitila. Ta ce, "Malam, ka ji shi ko? Lafiyarsa ƙalau!" Na ce na ji, alhamdu lillahi. Ban ɓata mata ranar ba. Sai bayan kwana biyu na gaya mata, ta zauna ta yi wa matar da ba ta sani ba kuka.

Sanarwar ta fita ranar Laraba. Kwamitin ma an kafa, sun ba ni ranar da zan bayyana, aka ce in miƙa babban littafina. Kafin in miƙa na buɗe shafin audugar Dakta. Layi ɗari biyu da goma sha biyu, duk da rubutuna, duk sun ce ta ci. A ƙarƙashinsu akwai sauran fili. Na jawo ledar Saje kusa, na ɗauki biro na ja layi, na cike gurbin kamar yadda na saba.

Lamba: ɗari biyu da goma sha uku. Irin gwaji: buɗewa da hannu ɗaya. Kayan aiki: haƙori. Tsawon lokaci: kusan minti goma. Sakamako: ba ta buɗu ba.

A gurbin wanda ya gwada na rubuta Sabon-zuwa, sannan na sa hannu a ƙasansa.